Babbar Riga a Ƙofar Coci

Har yau in an ce mini Shaiɗan ne ya janye Yayana daga coci, sai raina ya ɓaci. Wane Shaiɗan? Ina wurin aka yi komai!

Mu Hausawa ne, kuma Kiristoci tun kakanni. Babanmu yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar ginin cocinmu na Illela. Yaya albasa yake saye a ƙauyen Araba ya haura da ita Nijar, kuma ko da kasuwa ta cika maƙil, ranar Lahadi sai ya raka Inna sujada tukuna.

Da tsoron hare-hare ya yi yawa a ƙasa, aka sa masu gadi a ƙofar coci, yawancinsu baƙi da aiki ya kawo bakin iyaka. Mai kwat ya wuce, mai shat ya wuce. Yaya kuwa, da babbar rigarsa da hula, sai a tare shi. Ɗaga riga, cire hula, a lalube shi kamar ɓarawon kaji, jama'a na kallo. Kowace Lahadi fa!

Inna ta kai kuka wurin dattawan coci. Suka ce a yi haƙuri, amma shi ma ya riƙa sa kaya irin na Kiristoci. Ji mini magana! Wai yaushe aka fara ɗinka bangaskiya a wurin tela? A kasuwa a ce masa arne, a coci a ce masa ɗan leƙen asiri, shi kuma ya yi ta haɗiyewa saboda Inna.

Ranar Ista wani sabon mai gadi ya ce sai ya karanta Addu'ar Ubangiji kafin ya shiga. Yaya ya karanta tsaf da Hausa. Mutumin ya ce a'a, da Turanci.

"Don mi?" in ji Yaya. "Allah bai jin Hausa?"

Ya mayar da hularsa, ya juya. Bai musulunta ba, bai kuma sake komawa ba. Yanzu ni ke raka Inna, tana tafe tana waige.

Daga baya Fasto ya zo gida, ya yi ta wa'azi kan tunkiyar da ta ɓace. Na cika na batse, sai Inna ta riga ni.

"Fasto, ɗana bai ɓace ba. Har bakin garke ya zo, ku kuka kore shi."