Kwana Huɗun da Na Hana Abokina Ruwa

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa tankar ruwa a wani kamfanin share-share da ke kudancin Jidda, akwai wani kamfani da muke takarar kwangila da shi. Maigidanmu ba shi da zance sai na manajansu. Kullum sai ya ce, "Wannan azzalumi ne. Ya kulle fasfon mutane, ya cusa su a ɗaki kamar buhunan gawayi. Mu ba da ma'aikatansa muke faɗa ba, da shi muke." Ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

A can kamfanin akwai abokina, mutumin Damagaram, wanda muke haɗuwa kowace Juma'a a unguwar Sa'alaba mu ci abinci kwano ɗaya. Da muka ci kwangilar, kamfaninsu ya durƙushe, maigidanmu ya saye shi, aka sa ni kai wa ma'aikatansa ruwa. Kafin a gama takardu, sai ma'aikatan suka taru suka ce sun gama zama ƙarƙashin manajan nan, ya tattara kayansa ya bar musu sakan, wato gidan kwanansu. Suka zaɓi mutum biyar su riƙe al'amura, har da abokina. Suka sake rabon ɗakuna, suka tsara girki. Ko kofi ba a fasa ba.

Da murnata na kai labarin unguwar Hindawiyya wajen wani dattijo da nake kira kawu, Bahaushen Sudan, tsohon malamin tarihi. Na ce, "Kawu, maigidanmu zai ji daɗi, sun yi masa aikin da kansu."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka san abin da manyan Ingila suka yi bayan Yaƙin Duniya na Farko? Shekara da shekaru suna cewa da sarkin Jamus da hafsoshinsa suke yaƙi. Da Jamus ta sha kashi, sojojin ruwa da ma'aikata suka tashi, sarkin ya gudu. Ka zaci an yi guɗa a Landan? Cikinsu ne ya ɗuri ruwa. Suka ce in abin nan ya ƙetaro teku, namu ma'aikatan fa? Suka ci gaba da tare jiragen da ke kai abinci Jamus watanni bayan an ajiye makamai, yara suna ramewa. Da tsofaffin hafsoshin suka dawo suna murƙushe masu boren, ba su ji zafin abin ba."

Na ce, "Ai waɗannan Turawa ne, kawu. Maigidanmu sahun farko yake salla."

Ya ce, "Allah ya sa. Sha shayinka."

Bayan kwana uku maigida ya kira ni ofis. Ina shiga na tarar da manajan nan a zaune, sun sa dabino a tsakiya suna shan gahawa.

Maigida ya ce, "Daga yau kada tankarka ta shiga sakan ɗin can."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsakiyar zafi ake. Kuma ba kai ka ce azzalumi ne ba?"

Bai ko ji kunyar mutumin ba. Ya ce, "Azzalumi ne, amma ya iya riƙon ma'aikata. In na bar waɗannan suka zaɓi shugabanninsu yau, gobe ku ne. Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannun wa take? Halas, magana ta ƙare. Yalla, tafi."

Ina so in ce muku na jefa masa makullin mota. Ban jefa ba. Na ce "To," har da rufo masa ƙofa a hankali.

Rana ta biyu abokina ya kira ni. "Ɗan'uwa, ko na alwala babu. Lafiya?"

Na ce motar ce ta lalace.

Ya ce, "Allah ya gyara ta."

Kwana huɗu suka daure. A na biyar suka sauko. Manajan ya koma kujerarsa, mutum biyar ɗin kuma aka buga musu takardar fita ƙasar ba dawowa. Ranar aka ce in kai ruwa. Na tarar da abokina a bakin ƙofa da jakarsa, leɓensa duk ya tsage, yana jiran motar filin jirgi. Ya dubi tankar, ya dube ni.

Ya ce, "Ashe ta gyaru."

Har yau maganar nan tana min ɗaci. Na gane cewa faɗan manya yana da iyaka: da zarar na ƙasa sun ɗaga kai, sai su tuna ashe su 'yan'uwan juna ne. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne, maigidan bai taɓa riƙe sitiyari ba. Shi ya ba da umarni, ni na juya motar.

Abokina yana gida yanzu, yana noma. Duk Sallah ina tura masa gaisuwa. Yakan amsa da "Amin, na gode." Bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ni ma ban taɓa samun bakin tambayarsa dalili ba.