Mataimakin Malam Sanda Tafinta

Malam Sanda Tafinta Bazazzagi ne, amma a Kaduna aka san shi. Ya shigo garin yana da shekara goma sha tara, da ɗan Turancin da ya samo a elemantare, ya kama aiki a ofishin safiyo, masu auna filaye, yana jan sarƙar awo a bayan Bature. Daga jan sarƙa ya koma riƙon taswira, daga nan ya zama tafinta. Shekara ashirin da shida ya yi a wannan aiki. Babu fili tsakanin bakin kogi da Kawo da bai taka da ƙafarsa ba, kuma lambobin filayen duk suna kansa. Ya gina gida a Unguwar Sarki, ɗaki uku da zaure, shi da matarsa Balaraba. 'Ya'yansu mata ne su biyu, duk suna ɗakin mazajensu.

A shekarar 1955 yanar ido ta fara rufe masa idon hagu. Kafin damina biyu ta kama na dama. Bai gaya wa kowa ba. Ya je ofis ya ce gwiwa ce ta hana shi yawon daji, aka sallame shi da girma. Balaraba kaɗai ta gane, ranar da ta ga ya miƙa hannu zai gutsuri tuwo ya dafa tabarma. Ya roƙe ta don Allah ta rufa masa asiri, ta rufa. Hanyar masallaci da ta kasuwa ƙafarsa ta san su, mutane kuwa da murya yake gane su. Bai daina sayen jarida ba. Sai ya saurari labarai a akwatin rediyon wani mai shayi, ya dawo zaure da jaridar a hammata ya ba da su kamar a ciki ya karanta.

A shekarar 1957 aka ce za a fitar da sabon titi daga wajen Kawo ya ratsa unguwar, kuma gidaje za su tashi. Aka ce unguwa ta zaɓi kwamitin da zai zauna da hukuma a kan inda titin zai bi. Shugaba da mataimakinsa tare za su tsaya a takarda ɗaya, in shugaba ya gaza mataimaki ya hau. Samarin unguwa, masu bin jam'iyyar da ke sukar sarakuna, suka tsayar da nasu. Dattawa, masu bin jam'iyyar manya da son a bi komai a hankali yadda aka gada, suka taru a zauren Mai Unguwa Ahmadu ranar wata Lahadi.

"Ba mu da kamarka, Malam Sanda," in ji Mai Unguwa. "Kai ka san Bature, kai ka san taswira. In yaran nan suka je, zagi za su yi, a rushe mu gaba ɗaya."

Malam Sanda ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya ji zauren ya yi tsit, mutum kusan talatin suna jiransa. Rabon da a jira maganarsa haka tun yana ofis. Ya ji kansa yana cewa, "To, Allah ya taya mu riƙo."

"Saura mataimaki. Ka kawo mana suna kafin azahar ɗin Alhamis. Mu dai namu ra'ayin Alhaji Inuwa Mai Goro. Yana da mutane a kasuwa, yana da mota, ba ya raina manya."

Alhaji Inuwa yana zaune a wurin, ya ce shi mai biyayya ne ga duk abin da dattawa suka yanke. Malam Sanda ya san muryar, ya kuma san mutumin. Ba ya karatun boko, kuma duk inda ya shiga na biyu, bai cika daɗewa bai zama na ɗaya ba.

Da ya koma gida Balaraba ta ajiye muciya ta dube shi.

"Malam, takardar da za su ba ka, da wane ido za ka karanta?"

"Da idon mataimaki," ya ce. "Yaro nake so mai boko, mai riƙon amana, wanda zai tsaya a kafaɗata ya riƙa raɗa mini abin da ke kan takarda. Sauran aikin na iya."

"In ba ka samu ba fa?"



Mutum ɗaya ne ya cika wannan siffa, Lawal, ɗan marigayi amininsa, wanda yake akawu a sakatariya. Malam Sanda ne ya kai shi makaranta da hannunsa bayan rasuwar ubansa. Ranar Litinin da la'asar ya tare shi a hanyar dawowa daga ofis, ya gane shi da ƙarar ƙararrawar kekensa. Lawal ya sauka ya durƙusa ya gaishe shi, ya saurara har ƙarshe.

"Baba, ku yi mini rai. Ma'aikacin gwamnati ba ya tsayawa zaɓe da sunan jam'iyya. Ranar da sunana ya hau takardar nan, ranar zan ajiye aiki."

"A nemi izini."

"Ba a bayarwa, Baba."

Washegari ya sake komawa, wannan karon har gidan Lawal, da sassafe. Ya sa aka fitar da yara daga zaure, ya jawo ƙofar. Sannan ya ɗaga jaridar da ke hammatarsa ya miƙa masa.

"Lawal, ban san abin da aka rubuta a nan ba. Shekara biyu ke nan. Fuskarka ma ban ganinta, farin rigarka kawai nake gani."

Lawal ya yi salati. Kafin ya ƙarasa, dattijon ya zame daga kan kujera ya sa gwiwoyinsa a ƙasa ya kama gefen rigarsa.

"Ka dubi Allah ka dubi kabarin ubanka. Wata shida kawai, har a gama maganar titin nan. Ni zan je in roƙa a mayar da kai aiki."

Lawal ya ɗaga shi yana kuka. Ya ce mutum tara ke ci a ƙarƙashinsa, har da uwarsa da ba ta tashi. Ya ce duk takardar da aka kawo gida zai zo ya karanta masa a ɓoye, amma ɗakin taro ba zai iya shiga ba. Malam Sanda ya fito bai yi sallama ba, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya ƙi a riƙe shi.

Daga nan ya shiga neman ko wane ne. Ya tuna wani tela da ya yi aji huɗu, aka ce ya koma Jos. Ya aika wa wani tsohon ɗan sanda, aka dawo masa da cewa shi ba ya shiga rigimar unguwa. Ranar Laraba da hantsi har Hayin Banki ya taka, don an ce akwai malamin makaranta mai hankali a can, ko da yake na ɓangaren samari ne. Yana isa bakin shingen makarantar wani ya ɗaga murya daga rumfar mai aski.

"A'a, Baba Tafinta! Kun komo wajenmu ke nan?"

Aka kwashe da dariya. Ya ce wucewa yake yi, ya juya. A hanyar dawowa ya ɓata, ya bi wani lungu da bai sani ba, ya tsaya cikin rana yana zufa yana jira ya ji kiran sallah don ya gane gabas. Ƙarar guduma ce ta fitar da shi, don ya san ta. Maƙerar Haruna ce, abokinsa tun zuwansu Kaduna, a bakin unguwa.

Haruna ya ba shi ruwa, ya ji duk yawon da ya sha, ban da maganar ido.

"In mai tsaya maka kake nema, ga ni," in ji shi. "Ba wanda zai taɓa ka ina raye."

"Na sani, Haruna. Amma mai karatu nake so."

"Kai da kake da karatun mutum goma?"

Malam Sanda ya shanye ruwan. Sau biyu maganar tana zuwa masa baki yana haɗiye ta.

Ranar Alhamis ya riga kowa zuwa zauren Mai Unguwa. Ya yanke shawara a hanya zai faɗi gaskiya a nemi wani. Suka gaisa, ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da ya kamata ka sani game da lafiyata."

"Malam Sanda," Mai Unguwa ya katse shi, murya ƙasa-ƙasa, "kada ka gaya mini abin da zai tilasta mini in janye sunanka. Saura kwana tara zaɓe. In ka fita, yaran nan sun ci. Wa ka zaɓa?"

Ya ji takun dattawa suna shigowa, suna cire takalma. Ya ji ƙamshin turaren Alhaji Inuwa ya zauna a damansa.

"Alhaji Inuwa," ya ce.

Aka yi fatiha. Da aka kawo takardar sa hannu, Mai Unguwa ya kama yatsansa kamar da wasa ya ɗora a kan layin.

Alhaji ya yi aiki, ba a hana masa wannan. Motarsa ta kwashi tsofaffi, goronsa ya shiga kowane zaure, kuma duk inda suka tsaya shi ke fara magana ya ce a zaɓi mai ilimi da mai ladabi. Suka ci da ratar ƙuri'a arba'in da ɗaya.

Bayan sati uku aka kira su ofis. Wani Bature injiniya ya shimfiɗa taswira a tebur ya ce hanya biyu aka zana, ja da shuɗiya, kwamiti ya zaɓi ɗaya. Malam Sanda ya sunkuya a kan takardar da ya yi rabin rayuwarsa yana riƙe irinta, bai ga komai ba sai fari. Alhaji ya matso kunnensa.

"Ka ce ja."

"Me ya sa?"

"Na tambayi masinja. Ja ta fi."

Sai Malam Sanda ya ɗago ya yi wa Baturen magana da Turanci, don kada Alhaji ya ji. Ya ce idonsa ya mutu, yana roƙo a karanta masa lambobin filayen da kowane layi ya taɓa. Baturen ya karanta a hankali. Malam Sanda yana jin lamba yana ganin gidan a ransa. Ja za ta ɗauke gida goma sha huɗu, har da maƙerar Haruna da rijiyar unguwa. Shuɗiya gida tara, a ciki akwai sito biyu na Alhaji Inuwa da zauren Malam Sanda kansa.

"Shuɗiya," ya ce, da Turanci, sannan da Hausa.

Alhaji ba ya jin Turanci. Amma masinjan ofishin yana jin Turanci, kuma kafin magariba labari ya gama unguwa cewa dattawa makaho suka tura ya duba musu taswira. Ranar Asabar kwamiti ya zauna. Alhaji ya miƙa wa Malam Sanda wata wasiƙa a gaban jama'a, cikin ladabi, ya ce shugaba ya taimaka ya karanta musu. Malam Sanda ya riƙe ta har hannunsa ya gaji, ya ajiye. Mai Unguwa bai ɗago kai ba. Aka ce shugaba ya gaza, mataimaki ya hau, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Sabon shugaba ya koma ofis da takardar kwamiti cewa zaɓin farko ba da gani aka yi shi ba, aka mayar da titi kan ja.

Da kaka aka rushe gidajen. Zauren Malam Sanda bai taɓu ba, kuma waɗanda aka tasa suka riƙa cewa dama baki suka haɗa da Alhaji. Wata uku bai fita ko masallaci ba. Balaraba ce ta matsa, ita da Lawal, har aka kai shi asibitin ido a Kano aka cire masa yanar dama. Ya dawo da tabarau mai kauri, yana ganin fuska in an matso kusa.

Fitarsa ta farko Mando ya nufa, inda Haruna ya kafa rumfa a wani fili da babu kowa sai ciyawa. Ya yi sallama, ya tsaya a rana.

"Da ka gaya mini ranar nan," in ji Haruna, bai daina dukan ƙarfe ba, "da na tsaya maka, mu ɗauki mai karatu mu biya shi. Wa ya ce dole sai mataimaki ne zai karanta?"

"Kunya ce, Haruna."

"Kunyarka ta ci mini gida."

"Ta ci."

Haruna ya juya ƙarfen a wuta. Can ya nuna masa wata fata a gefen murhu da haɓa.

"Mai yi mini zuga ya gudu tun da muka taso. Zauna, wutar tana mutuwa."

Malam Sanda ya naɗe hannun rigarsa ya zauna. Tun daga ranar duk Asabar da Laraba yana can, har shekara takwas, ba ya karɓar ko anini. Bai sake halartar taron siyasa ba. Ya rasu da damina a gidansa na Unguwar Sarki, yana da shekara hamsin da takwas, aka binne shi bayan azahar.