Mai Aron Fuska

A Zongon Lome ba a yi mai zanen allon talla kamar Malam Nata'ala ba. Dabararsa ita ce ya zana hoto a kan gilashin da bai wuce tafin hannu ba, ya rufe shago, ya kunna fitila a bayan gilashin, hoton ya faɗa jikin allo ya yi girma, sannan ya bi shi da fenti. Amma fuskoki ne suka fitar da sunansa. Bai taɓa ƙaga fuska ba. Ta maƙwabta yake ara. Yakan je da goro ya nemi izini, ya faɗi abin da za a tallata. Ta haka Asibi mai koko ta shekara bakwai tana murmushi a allon sabulu a kasuwar Adawlato.

Shekarar da aka ce za a tashi Zongo zuwa bayan gari, sai Issifou, wakilin jam'iyya na unguwa, wanda ya girma a layin su Nata'ala, ake kuma kiransa Mushe da Faransanci, ya zo da takarda. Ana son ƙaton allo a bakin titi: benayen da za a gina a wurin, da mutanen Zongo suna tafa hannu.

"Kawu, sanannun fuskoki muke so. Ka sa Asibi a gaba."

"Ka tambaye ta?"

"Jam'iyya ba ta tambaya."

"Ni ina tambaya. Biyo ni."

Asibi ta saurare su har ƙarshe, ludayi a hannu.

"Malam, sabulu dai ina wanka da shi. Amma in tafa wa mai rushe ɗakina? Riƙe goronka. Kai kuma, Mushe Issifou, kokon da ka sha a nan bai ishe ka ba, sai ka haɗa da fuskata?"

Gida goma sha ɗaya suka shiga, goron ya dawo yadda ya tafi.

"Kawu," in ji Issifou, "ai tsofaffin gilasansu suna shagonka. Kunna fitila kawai. In ka ƙi, za a soke takardar izininka. Allonka ba zai ƙara hawa titin Lome ba."

Nata'ala ya fito da akwatin gilasan, aikin shekara ashirin. Ya jiƙa tsumma da kananzir, ya goge su ɗaya bayan ɗaya a gaban Issifou, bai yi gaggawa ba.

"Ga gilashi, kai musu. Fuska kuwa tana wurin masu ita."

An soke izinin kafin Juma'a. Wani baƙo ne ya zana allon. 'Yan unguwa suka duba fuskokin tsaf, babu wadda suka shaida. Nata'ala bai sake zana talla ba. A sabon Zongo ya koma rubuta sunayen masu gida a ƙofofi, da boko da ajami. Da ƙofar Asibi ya fara, bayan ya kai mata goro.