Gambar da ke Kan Mayaƙa

Baba Zakariya kafinta ne a Tudun Wada, cikin Gusau. Shagonsa rumfar kwano ce, kullum cike da ƙamshin katako. Yana yin ƙofofi da bencina da akurkin kaji, idan kuma wani ya rasu a cocinsu, shi ke haɗa akwatin gawa. Iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, amma a Gusau aka haife shi, in yana magana ba ka raba shi da Bazamfare. Ni maƙwabcinsa ne. Nakan zauna kan bencin da bai gama gogewa ba in saurare shi, don shi bakinsa ba ya buɗewa sai hannunsa na aiki.

Mahaifinsa ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, shi yana ɗan ƙarami. Abin da ya riƙe kaɗan ne: tashar jirgin ƙasa, da hayaƙi, da tafin hannu mai ɗumi a kansa. Mutumin bai dawo ba. Wani da suka tafi tare ya ce a bakin wani kogi aka bar shi, can kudu, amma sunan kogin ya kwanta masa.

"Duk wanda na yi wa akwati na san inda aka kai shi," in ji Baba Zakariya. "Nawa uban ne kaɗai ban san inda ya kwanta ba."

Ina jin daga nan tafiyarsa ta samo asali. Duk lokacin da aiki ya yi sauƙi, sai ya ɗauki sanda da gorar ruwa, ya sa takalmin roba, mota ta sauke shi a wani wuri, saura kuma ya ƙarasa da ƙafa. Ya taka kufan 'Yandoto, wajen Tsafe. Ya zagaya gindin dutsen Kwatarkwashi. Ya bi ragowar tsofaffin ganuwoyi ta wajen Bungudu, inda ƙasa ta zube ta zama tudu, awaki na kiwo a kai. Duk ƙauyen da ya shiga, zai nemi tsofaffi a gindin bishiya, ya gaishe su, ya tambaye su ko an taɓa yaƙi a nan. Kusan ko'ina akwai wanda zai ɗaga hannu ya nuna masa wani fili.

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ma ba ta wuce shi. Yakan tsaya can baya, ya kalli yadda ake ajiye furanni a kan dandamalin simintin da aka gina don tunawa da sojoji, ana busa ƙaho. Amma ya ce mini wurin ya cika tsabta, kuma ya san babu kowa a ƙarƙashin simintin.

Matarsa Dibora ta gaji da hana shi, sai tsiya.

"Baban Joy, mutane na zuwa ziyarar masu rai, su dawo da tsaraba. Kai kullum ƙaya kake kawo mini a bakin wando."

"Ai nawa mutanen ba su da abin bayarwa."

"To ka gaishe su. Ka ce matarka na tambaya yaushe za su sake ka."

Na taɓa tambayarsa abin da yake gani a waɗannan filaye, tunda babu allo, babu suna, sai karan dawa da ƙasa. Ya ce shi bai taɓa ganin faɗan ba. In ya zauna ya rufe ido, abin da ke zo masa shi ne bayan an gama. Rana ta karkata, ƙura ta kwanta, wani doki ba mahayi yana shan ruwa a rafi. Wani mutum ya jingina da bishiya yana kwance igiyar takalminsa a hankali, kamar mai shirin barci. Ya ce iskar irin wurin ba ta sauri. Takan zo ta cikin kara, ta tsaya, ta sake tashi, kamar mai neman wani a cikin taro.

Da daji ya lalace, wuraren nan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da ya saba bi da ƙafa ta zama wadda ko mai babur ba ya shiga. A ƙarshe wuri ɗaya ya rage masa, wata gona kusa da Nahuce, ba nisa da titi.

Gonar ta gidan wani manomi ce, Muhammad Sani. A tsakiyarta akwai ɗan tudu da ciyawar gamba ta rufe, dogayen tushe masu wuce kan mutum. Ba a noma wurin, ba a sa masa wuta. In ana huɗa, kunyoyi kan zo daf da shi su lanƙwasa, su haɗu a gaba, kamar ruwa ya tarar da dutse. Iya, mahaifiyar Muhammad Sani, ta ce mayaƙa ne kwance a ciki. Wane yaƙi, ba ta sani ba. Wasu na cewa mahara ne daga arewa, wasu na cewa abin ya girmi haka. Ita dai da aka kawo ta gidan amarya, surukarta ta kama hannunta ta nuna mata tudun, ta ce a nan fartanya ba ta sauka.

Shekaru da dama Baba Zakariya na zuwa ya zauna a gefen gambar. Bai taɓa shiga ciki ba. Ya saba da mutanen gidan har ya gyara wa Iya ƙyauren ɗakinta, ita kuma ba ta kiransa da komai sai Kafinta.

Bana, kafin ruwa ya sauka, Muhammad Sani ya zo shagon. Ya kwaso iyalinsa ya dawo Gusau saboda rashin kwanciyar hankali. Iya ce kawai ta ƙi tasowa, tana cikin garin Nahuce wajen 'yarta. Gonar kuwa ya ba wani surukinsa na Magami aro, shi kuma surukin da tarakta zai yi huɗa.

Baba Zakariya ya ajiye zarto.

"Ka gaya masa zancen tudun?"

"Na gaya masa, Malam Zakariya. Amma ba shi zai tuƙa motar ba. Direban haya ne, ko sunansa ban sani ba."

Tun daga ranar bai sake yin aikin kirki ba. A zuci yana ganin faya-fayan tarakta suna shiga tudun, suna juya ƙasa, mutanen da suka kwanta tun kafin kakanni su watse cikin kunyoyi, shekara ta zagayo ba wanda zai iya nuna wurin. Ya ce a ransa, abin da ba shi da alama ba a kauce masa. Kuma ya san yadda ake yi wa kabari alama. A maƙabartar cocinsu, in Kirsimeti ta kusa, kowa kan je ya nome ciyawar kan nasa, ya shafa wa duwatsu farar ƙasa. Kabarin da ciyawa ta rufe, a wajensu, kabarin da aka manta ne.

Bayan ruwan farko ya ɗauki fartanya da ƙullin farar ƙasa ya hau motar Bungudu. Da hantsi ya isa gonar. Ƙasa ta yi laushi, gambar ta fara fitar da sabon ganye daga gindi, kore shar a ƙarƙashin busassun kara. Ya yi addu'a, ya shiga. Ya ce yana aikin yana jin daɗi irin na wanda ke yi wa mahaifinsa aski. Ya tumɓuke tushen ɗaya bayan ɗaya, ya tara su gefe, ya share wurin tas. Kafin azahar tudun ya fito tsirara, jar ƙasa mai ɗan tudu da kwari. Yana cikin dama farar ƙasa a gwangwani sai ya ji takun sanda.

Iya ce. Yara masu kiwo sun kai mata labari. Ta tsaya ta dubi tudun.

"Kafinta, mi suka yi maka?"

"Su wa, Iya?"

"Bayin Allah wa'anga. Mi suka yi maka ka yaye musu rufi?"

Ya yi mata bayani. Ya ce gyara ne, girmamawa ce, don mai tarakta ya gani ya san akwai mutane.

Ta zauna kan tarin gambar, ta zaro ganye ɗaya kore tana murza shi a yatsa.

"Mu abin da muka taso muka ji, ɗanyen ganye tasbihi yake yi. Muddin yana kore a kan kabari, na ƙasa na samun sauƙi. Su ba su da ɗa, ba su da jika, ba mai zuwa ya roƙa musu gafara. Gambar ga ita kaɗai ke gare su."

Baba Zakariya ya ce a lokacin sai ya ji kamar ya shiga ɗakin baƙi suna barci ya janye musu bargo.

"Ban sani ba, Iya."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani da sanda zan zo maka, ba da baki ba." Ta nuna tudun da haɓa. "Kuma duba. Da, ko makaho ya zo ya tarar da gamba tsaye tsakiyar gona, ya san da dalili. Yanzu ka share masa, ka gyara masa. Mai motar ga zai ce Allah ya saka wa wanda ya rage masa aiki."

"Zan jera duwatsu in shafa musu fari."

"Farin dutse a gona? Sai a ce filoti aka yanka. Ruwa biyu kuma ya wanke shi. Mu ba mu yi wa kabari kwalliya, Kafinta."

Ya zauna a ƙasa. Hadari na taruwa can gabas, inuwarsa na tafiya a kan gonaki. Ya dubi abin da hannunsa ya yi. Ya zo ne don ya tsare wurin, ga shi ya buɗe shi.

Iya ce ta fara motsi. Ta tura wani tushen gamba da sandarta, ta ga saiwar da damshi.

"Ba ta mutu ba tukuna. Mayar da ita. In ka gama ka zo gida, akwai itacen dashi a shingenmu, ka saro. Shi ko sanda ka kafa a damina sai ya kama. Duk ɗan ƙasar ga in ya ga dashi ya kewaye wuri, zai tsaya ya yi tambaya."

Haka ya yini yana mayar da abin da ya cire. Ya datse busassun karan, ya dasa kowane tushe a raminsa, ya danne da ƙafa. Washegari ya saro rassan dashi ya kafa su kewaye da tudun. Ba su yi kama da shinge ba. Sanduna ne tsirara, gambar kuma ta zama guntaye, ko gwiwa ba ta kai ba. Ya duba ya ga wannan ba zai tsayar da kowa ba, sai ya yanke shawarar ba zai koma Gusau ba sai motar ta zo. Ya kira Dibora a waya.

"Wato yanzu ka tare a wajensu ke nan," ta ce. "In aiko maka da tabarma?"

"Iya ta ba ni."

"Ka riƙa komawa gari kafin la'asar. Ban da wasa, Baban Joy."

Kullum da safe sai ya je ya zauna cikin sandunan. Ya ce kwanakin nan ne ya fi kusa da su, don karo na farko yana zaune a kansu, ba a gefe ba. Ƙasar na da ɗumi. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya ji kamar ana hira ƙasa ƙasa a kusa da shi, cikin harshen da ya kusa ganewa, ya farka ya tarar kurciya ce.

Ranar da taraktar ta zo, tun daga titi ya ji ta. Direban saurayi ne mai suna Buba, ya ɗaure fuska da ƙyalle. Ya fara daga gefen yamma, yana zuwa yana dawowa, balbelu na bin bayansa. Da layinsa ya kawo kan tudun, ya taka birki, ya leƙo.

"Baba, a ɗan matsa mini."

"Akwai mutane a nan."

Buba ya duba hagu da dama. Ya kashe injin, ya sauko, ya zare ƙyallen. Ya dubi sandunan dashin, ya dubi ƙasar.

"Kusheyi ne?"

"Mayaƙa ne. Tun da can."

"Su wane ne?"

"Ba wanda ya sani."

"Naku ne, Baba?"



"Na wani ne dai."

Buba ya tsaya ya ɗaga hannuwa, bakinsa na motsi, ya shafa. Sannan ya ce motarsa ba ta iya lanƙwasa kamar shanun huɗa, sai ya bar fili mai yawa, mai gona kuma zai yi ƙorafi.

"In ya yi, ka turo shi wajen Iya."

"Wace Iya?"

"In ka gan ta za ka gane."

Yaron ya yi dariya, ya hau. Ya ja baya, ya ɗauki kwana mai faɗi, faya-fayan suka wuce nesa da sandunan, baƙar ƙasa na kifewa a bayansu. Baba Zakariya bai tashi ba sai da aka gama gonar duka.

Bai samu komawa ba tun daga lokacin, don hanyar ta sake yin zafi, Dibora kuma ta ɓoye masa takalmin robar. Amma ran nan ina zaune a shagon Muhammad Sani ya shigo, ya dawo daga gaida mahaifiyarsa.

"Iya ta ce in gaya maka wata gambar ta kama, wata ta mutu. Dashin kuma ya yi ganye."

"Duka?"

"Ban da na gefen gabas. Akuya ta same shi. Ta ce tunda kai ne kafinta, ka zo ka san yadda za ka yi da akuyar."