Shekara Arba'in a Layin Maza

Muriel Tapscott doguwa ce, kuma tsawon nan shi ya cuce ta. Ranar da ta fara zuwa rawar Alhamis a zauren taron ƙauyensu, tana 'yar shekara ashirin da biyu, maza ba su isa ba, kamar kullum. Mai kiran rawa, wato mai faɗa wa masu rawa takun da za su yi, ya dube ta sama da ƙasa, ya rataya mata jan ƙyalle a kafaɗa, irin wanda ake sa wa matan da suka tsaya a madadin maza, ya ce yau kaɗai ta tsaya a layin maza. Yau ɗin nan ce ta kai shekara arba'in.

Rawar tun ta kakannin kakanni ce: layi biyu suna fuskantar juna, namiji ya kama hannun mace ya ratsa da ita ta tsakiya, ya juya ta. Muriel ta ƙware har ta fi mazan. Amma ƙanwarta Doreen, 'yar guntuwa mai yawan dariya, ita ake kama wa hannu, ita ake juyawa har siket ya buɗe. Doreen ba ta taɓa iya ƙirga taku ba, kuma babu wanda ya damu. Muriel tana kishinta, kishi mai cin rai, musamman in Wilfred mai gyaran agogo ya rusuna ya nemi rawa da ita. Muriel kuwa iyakarta da shi ya dafa kafaɗarta lokacin shan shayi, ya ce ta fi shi iya zama namiji. Sai ta yi dariya, ta koma gida ta kasa cin abinci.

Bara aka samu sabuwar mai kira, wata matashiya Bryony, ta zo da ganga da jita, ta ƙara wa kiɗan sauri. Ta kwashe ƙyallayen ta zuba a kwali, ta ce zamanin layin maza da na mata ya wuce, kowa ya tsaya inda ransa yake so. Tsofaffi suka yi ta gunaguni. Muriel ta taya su a baki, amma ranar Asabar ta shiga gari ta sayo siket mai faɗi.

Da Alhamis ta zo, ta riga Doreen tsayawa gaban Wilfred.

"Yau ni ce macen," in ji ta.

Kiɗa ya tashi, Wilfred ya miƙo hannu. Ƙafafun Muriel kuwa suka yi abin da suka saba. Suka bar shi tsaye da hannu a iska, hannunta ya kamo macen da ke gefenta ya juya ta. Ashe Doreen ce.

"Yaya, ai babu mai juya ni kamar ke," in ji Doreen tana ƙyalƙyala dariya. "Wilfred taka ni yake yi."

Tsohon siket ɗin Doreen ya buɗe, zaure ya ɗauki tafi. Sabon na Muriel ko motsi bai yi ba.