Tsohon da Ya Zo Kallon Hanta

Ran kasuwar Dakoro ce, rana ta take. Tanimu mahauci yana korar ƙuda, amma idonsa na kan wani tsoho da ya daɗe tsaye gaban teburinsa. Dogo ne siriri, rawaninsa ya koɗe, tafin hannunsa duk kanta irin ta mai jan guga. Daga gani makiyayi ne, ƙila daga wajajen Korahane. Ba ya taya nama. Hantar saniya kawai yake kallo, ya damƙe salula kamar za a ƙwace masa.

"Sarkin fawa, in an ciro ta, awa nawa take yi ba ta lalace ba?"

"A zafin nan, Baba? Kafin la'asar ta sake launi."

Tsohon ya ce 'yarsa Mas'uda tana kwance asibiti a Tunis, za a dasa mata hantar wani mamaci da ake ɗaukowa daga wani gari. Likitoci sun ce ruwan magani mai sanyi ake tura wa hantar ta jijiyoyinta, don kada ta mutu a hanya.

Sai ya ciro ledar ruwan sanyi, ya huda da haƙori, yana tsiyaya wa hantar saniyar a hankali, leɓɓansa na motsi.

Tanimu ya san jiƙaƙƙiyar hanta ba ta da masayi. Duk da haka bai hana shi ba. Sai ya jawo tabarmar rumfarsa, ya yi mata inuwa.