Ƙullin Dabino a Ƙarƙashin Teku

Ni na ɗaure wa ƙanin matata bel ɗin dalma da ƙullin da ba ya kwancewa. Ya shiga teku da ƙafa biyu, aka fito da shi ɗaya ba ta motsi. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A Madina aka haife ni. Kakana ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Kano, bai koma ba. Ban yi makaranta ba. Tun ina yaro hawan dabino nake yi a gonakin Awali, da igiya a ƙugu, kuma abu ɗaya mai hawa ya sani: abin da ke ɗaure a jikinka kada ya kwance. Da aikin gona ya ja baya na bi 'yan unguwarmu zuwa Yanbu, bakin teku, na shiga wani ƙaramin kamfani mai kankare gindin jiragen ruwa da duba sarƙoƙinsu. Kwana huɗu aka koya mini nitso da tulun iska a baya. Mai koyarwar ya nanata mana cewa bel ɗin dalma, wanda ke sa mutum ya nutse, a bar bakinsa a sake, yadda hannu ɗaya zai fizge shi idan abu ya ɓaci. Na ji, amma a raina na ce wannan bai taɓa lilo a saman dabino ba.

Bayan shekara na samo wa ƙanin matata aiki a wurin. Magidanci ne siriri, mai barkwanci, Yaya yake ce mini. Ran da abin ya faru an ba shi sabuwar rigar roba mai kauri, ta ƙi barinsa ya nutse. Ya dawo cikin kwalekwale yana cewa ya zama gora, kifaye ma dariya suke masa, ga bel yana zamewa dalmar tana cin ƙashin ƙugunsa. Na ce masa laifinsa ne da ba ya cin abinci, ko sanda ta fi shi ƙugu. Na ƙara masa dalma biyu. Ƙa'ida ita ce a gwada a saman ruwa tukuna, a ga ko nauyin ya yi daidai. Ban gwada ba. Na ja bel ɗin na matse, na naɗe bakinsa, na yi masa ƙullin masu hawan dabino. Ya tambaye ni ko mudir, shugaban kamfanin, ba zai yi faɗa ba. Na ce halas, magana ta ƙare, mudir ba shi ke jin ciwon ba. Ya motsa ƙugu, ya ce wallahi yanzu ya ji daɗi.

A ƙasa ruwa yana matse rigar roba, mutum ya ƙara nauyi. Muna bin sarƙa sai bututun rigarsa ta iska, wadda ke ɗaga mutum, ya cire. Na ga ya saki sarƙar yana tafiya ƙasa, hannayensa biyu a kan bel yana ja. Ƙullin ya jiƙe, ya yi abin da na ɗaure shi ya yi. Na bi shi, na same shi a kan yashi, idonsa a waje cikin gilashi. Na sa wuƙa na yanke bel ɗin, ban riƙe ƙanin matata ba. Ya tashi sama a guje, abin da aka hana mai nitso, don yana nakasa mutum. Ko da na fito yana kwance a kwalekwale, ɓarinsa na hagu ya mutu.

A asibiti mudir ya tambaye ni ina bel ɗin. Na ce yana ƙasan teku, maɓallinsa ne ya cije. Aka rubuta haka. Da bakin ƙanin matata ya buɗe, 'yan uwa sun cika ɗakin, ya ce musu Yaya ne ya ceto shi. Bai ƙara komai ba. Surukata ta riƙe hannuna tana kuka tana sa mini albarka. Na tsaya na karɓa. Har yau a unguwarmu haka aka san ni. Duk Juma'a nakan tura shi a keken guragu zuwa masallacin Ƙuba, mutane suna cewa masha Allah. Sau ɗaya, ina gyara masa ɗamarar keken, ya ce mini a hankali kada ka matse, Yaya. Sai ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Wanda duk zai shiga ruwa, ya gwada nauyinsa kafin ya sauka, kada ya ɗaure abin da aka ce a bari a sake. Sanin da ya tsare ka a wata sana'a zai iya nakasa ɗan uwanka a wata. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗa a ranar. Kowace shekara faɗin yana ƙara wuya.

Na bar teku. Na koma Awali, ina ban ruwa, ba na hawa. Ban iya rubutu ba, babbar 'yata ce ke rubuta wannan, yau ta fara jin yadda kawunta ya rasa ƙafarsa. Uwarta tana ɗaki. Idan mun gama, wurinta zan shiga.